Waya Ta Auna Halina, Amma Littafin Bashi Ya Fi Ta Sanina

Wani sabon yayi ya shigo gidajenmu na zango ta cikin waya, kuma da yawa daga cikinmu iyaye ba mu ankara ba. Yaranmu, musamman waɗanda suka yi lakwal har suka taka jami'a, yanzu suna da wasu haruffa huɗu-huɗu da suke kiran kansu da su. Sai ka ji yarinya ta ce ita INFJ ce, ƙanenta ya ce shi ESTP ne, su kwashe da dariya, kai kana zaune kamar baƙon da aka sauke jiya, alhali kana taƙamar jin yare huɗu. Abin da ake kira gwajin hali ke nan. Tambayoyi ne ake jero wa mutum a waya, ya riƙa danna "na yarda" ko "ban yarda ba", cikin kamar minti 10 zuwa 15 a fito masa da sakamako, a ce ga irin mutumin da kake, ga aikin da ya dace da kai, har ga irin wanda ya kamata ka aura.

Da abin ya tsaya a wasa, da ban ɗauki alƙalami ba. To, bai tsaya ba. A nan Gounghin, cikin Wagadugu, na san gidan da yarinya ta fara ja da baya daga maganar aure don haruffanta da na saurayin wai ba su jitu ba. A gidana kuma, ɗana na biyu, wanda nake sa ran ya riƙe kantin atamfa da shadda bayana, ya same ni da maganar cewa gwaji ya nuna shi ba mutumin zaman kanti da lissafi ba ne. Uba ba ya amsa irin wannan magana da tsawa kawai, don tsawa ba ta goge abin da yaro ya riga ya gaskata. Shi ya sa na ce a kawo wayar, ni ma a auna ni. Na kuma bi diddigin abin gwargwadon ƙarfina, don in san da me nake magana.

Daga ina haruffan suka fito?

Asalin maganar daga wani likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Jung, wanda ya fitar da littafi a 1921 yana rarraba mutane gida-gida bisa yadda suke tunani. Wata Ba'amurkiya, Katharine Briggs, da 'yarta Isabel Myers suka karanta, abin ya kama su. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da maza suka tafi fagen daga mata suka shiga masana'antu, sai uwa da 'ya suka fara tsara tambayoyi don a taimaki mutum ya gane aikin da ya dace da shi. Su biyun ba su yi karatun ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a ba, da kansu suka koya. A 1962 aka buga gwajin da jagorarsa, shi ne ake kira MBTI. Na kyauta da yaranmu ke yi a waya yawanci ba shi ba ne kai tsaye, haruffansa suka ara.

Tambaya huɗu ce ƙashin bayan abin. Ƙarfinka daga shiga jama'a yake zuwa ko daga kaɗaici? Kana dogara da abin da ido ya gani hannu ya taɓa, ko da hange da hasashe? Kana yanke hukunci da lissafi ko da tausayi? Kana son komai a tsare tun da wuri, ko kana bin yadda rana ta zo? Kowace tambaya amsa biyu gare ta. Biyu sau biyu sau biyu sau biyu, 16 ke nan. Wato duk mutanen duniya, daga Bamoshen Kudugu zuwa Basinen da ke loda mana kwantena, a gidaje 16 aka zuba su.

Masana na jami'a sun fi amincewa da wani ma'auni daban, wanda ba ya saka mutum a gida, sai dai ya auna shi a kan sikeli biyar: son sabon abu, tsare aiki da cika alkawari, son shiga jama'a, sauƙin kai, da saurin damuwa. Hujjarsu mai sauƙin ganewa ce ga duk wanda ya taɓa riƙe sikeli. Yawancin mutane a tsakiya suke. Idan ka ja layi a tsakiyar kasuwa ka ce na dama dogaye ne na hagu gajeru, mutum biyu da bambancinsu bai wuce yatsa ba za su faɗa gida daban-daban. Shi ya sa bincike ya nuna cewa idan aka sake gwajin haruffa huɗu bayan 'yan makonni, kaso mai yawa na mutane, a wani binciken kusan rabi, suna fitowa da wani harafi dabam. Kamfanin da ke da MBTI da kansa yana gargaɗin cewa kada a yi amfani da shi wajen zaɓen wanda za a ɗauka aiki. To, abin da mai shi ya ce kada a ɗauki ma'aikaci da shi, ina ga zaɓen miji?

Abin da ta ce da ni

Da Faransanci muka yi, 'yata tana karantawa tana fassara inda ya yi mini nauyi, ina ba da amsa. Sakamako ya fito ISTJ. Wai ni mutum ne mai son kaɗaici, mai dogara da abin da ya gani, mai hukunci da lissafi, mai son tsari.

Harafin farko shi ya ba gidan dariya. Uwargida ta ce, "Alhaji ne mai son kaɗaici? Mutumin da tun ƙarfe 8 bakinsa ba ya rufuwa sai magariba?" Ni ma da farko na yi murmushi. Amma da na kwanta na juya maganar, sai na ga wayar ta taɓo wani abu na gaskiya da ban taɓa ba shi suna ba. Surutun kasuwa kayan aiki ne a wurina, kamar almakashi da ma'aunin yadi. Na iya shi, ina cin abinci da shi, amma yana gajiyar da ni. Lokacin da na fi jin ni ne ni shi ne bayan sallar asuba, kafin babura su fara ruri a hanyar Bobo, ina zaune ni kaɗai da shayi da littafin lissafi. Shekara 30 ina tsammanin tsufa ne ko gajiyar kasuwa ke sa in dawo gida ba na son magana. Ashe tun ina saurayi haka nake. Na gaya wa iyali wannan, kuma ya yi amfani. Yanzu idan na shigo na yi shiru na rabin awa, an san ba fushi ba ne. A nan dole in ce gwajin ya biya kuɗin datarsa.

Harafi na biyu da na huɗu ban yi musu ba. Ba na sayen bandir sai na murza shi a hannu, kuma tafiyar Lome tun mako biyu nake tsara ta.

A harafi na uku ne muka rabu. Wai lissafi ke jan ragamata, tausayi yana baya. Uwargida ba ta ce komai ba, ta tashi ta ɗauko tsohon littafin bashi ta buɗe shafukan ƙarshe. A nan nake rubuta bashin da na san ba zan tambaya ba: matan da mazajensu suka rasu, telolin da ciwo ya kwantar, 'yan gudun hijirar da rashin tsaro ya koro daga arewacin ƙasar nan suka zo ba su da komai. Ta ce, "Malam mai lissafi, ga lissafinka." Ba na faɗin haka don yabon kai, kowane ɗan kasuwar kirki yana da irin wannan shafi. Ina faɗa ne don a ga inda gwajin ya makance. Ya tambaye ni ko ina barin tausayi ya shiga harkar kuɗi, na ce a'a, kuma ba ƙarya na yi ba, don haka nake ganin kaina, haka kuma nake so a san ni a kasuwa. Wayar ba ta da hanyar leƙa littafin. Abin da na faɗa mata game da kaina shi ta wanke ta goge ta maido mini.

Da wane bakin zan amsa?

Akwai matsalar da ta shafe mu mu 'yan zango fiye da kowa. Mutumin da aka haifa a ƙasar baƙunci ba fuska ɗaya gare shi ba. Idan ina ciniki da yaren More, ni mai barkwanci ne. Mosawa suna da wasan dangi da suke kira rakiire, irin wanda ke tsakaninsu da Samo, kamar dai namu na Kanawa da Zazzagawa ko Fulani da Barebari, kuma wanda bai iya tsokana ba, ba zai sayar da ko ƙyalle ba. Idan na shiga ofishin duwan ina Faransanci, sai in zama wani mutum mai taka-tsantsan, kalma ɗaya-ɗaya. Da Julanci ni mai zafin ciniki ne. Da Hausa kuwa, a gaban manya ko surukai, kaina a ƙasa yake. To, da aka tambaye ni ko ina saurin sakin jiki da baƙi, wane daga cikin mutanen nan huɗu zai amsa? Wanda ya amsa dai shi ne na Faransanci, don da yarensa aka yi tambayar.

Na gwada abin. Bayan mako uku na ce a sake, amma wannan karon 'yata ta juya kowace tambaya zuwa Hausa, ni kuma in riƙa tuna kaina a bakin kanti. Harafin farko ya juye, na koma mai son jama'a. Mutum ɗaya, waya ɗaya, wata bai ko cika ba.

Sai kuma kunya, wadda tambayoyin ba su san da ita ba. Suna tambaya ko kana bayyana abin da ke zuciyarka ga na kusa da kai. Ni har yau ban taɓa kiran ɗan farina da sunansa ba, haka na tarar mahaifina yana yi, haka nasa mahaifin. Ba na wasa da shi a gaban mutane, ba na yabonsa a gaban idonsa. Duk Bahaushe ya san wannan ba rashin so ba ne, sau da yawa ma wanda ake wa kara shi ne a ƙoƙon rai. Amma a ma'aunin da aka ƙera a Amurka, wannan uban sai a rubuta shi mai sanyin zuciya. Haka yarinyar da aka hore ta da kada ta ɗaga murya gaban manya za ta fito "mai jin tsoron jama'a", alhali a cikin sa'o'inta ita ce mai baki.

Ba ni kaɗai na lura da haka ba. A 2013 wani masani mai suna Michael Gurven da abokan aikinsa suka kai ma'aunin sikeli biyar ɗin nan wurin mutanen Tsimane, manoma da mafarauta a dajin Bolibiya, suka gwada fiye da mutum 600. Gidaje biyar ɗin ba su fito ba. Abin da ya fi fitowa biyu ne: kyautata wa jama'a da ƙwazon aiki. Da na ji haka na ce, ai waɗannan 'yan uwanmu ne, don mu ma idan ana binciken mai neman aure, abin da ake tambaya ke nan: yaya zamansa da mutane, kuma yana da sana'a? A nan Burkina ma an gwada. A 2005 Jérôme Rossier na Suwizalan da Donatien Dahourou na Jami'ar Wagadugu da Robert McCrae suka buga sakamakon wani dogon gwaji mai tambaya 240, kuma sikeli biyar ɗin sun fito gwargwado. Sai dai da Faransanci aka yi shi, wato da waɗanda suka yi lakwal. Ma'aunin ba banza ba ne ke nan, amma ya fi kama wanda ya saba da yaren da tunanin masu shi.

Wayon mai duba

Akwai abin da ya sa yaro ke karanta sakamakonsa ya ce, "Wallahi kamar sun san ni." A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa gwajin hali, bayan mako guda ya ba kowa takardar sakamako, ya ce kowa ya ba ta maki daga 0 zuwa 5 bisa yadda ta dace da shi. Matsakaicin makin da suka bayar ya kai kusan 4.3. Sai ya ce su duba takardun juna. Ashe magana ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma daga littafin masu duban taurari ya tsinto ta.

Mu ba sai an kai mu Amurka ba. Duk wanda ya taɓa jin yadda mai bugun ƙasa ke magana ya san salon. Zai ce maka kana da maƙiya a kusa, kana da alherin da mutane ba sa gode maka, akwai abin da ka sa a gaba da ya tsaya. Wane ɗan kasuwa ne wannan bai dace da shi ba? Ban ce gwajin hali duba ne ba, don akwai aikin ilimi a bayan wasunsu. Amma bayanin da ake rubuta wa kowane gida cikin 16 ɗin nan, duk mai daɗi ne. Babu gidan maƙaryaci, babu na mai cin amana, babu na malalaci. Kowa ya fito ko gwarzo ko mai hikima. Mu kuwa da muke zaune a kasuwa mun san akwai su, muna gaisawa da su kullum. Ma'aunin da ba shi da gurbin macuci bai amsa tambayar da ta fi damun ɗan kasuwa ba.

Ma'aunin da muka gada

Kakanninmu ba su jira waya ba kafin su auna hali, don rayuwarsu a kansa ta rataya. Ayarin fatake da ke tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja neman goro yana ratsa ƙasar Gurma da ta Mosi, wata da watanni a hanya kafin a isa Salaga. Sunan Fada N'Gurma ma shaida ne, don "fada" tamu ce. A irin wannan tafiya, madugu ba ya tambayar mutum yadda yake ganin kansa. Yana kallon wa ke tashi ɗaurin kaya ba a tashe shi ba, wa ke ɓoye guzuri, wa ke tsayawa idan jakin wani ya faɗi.

Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969. Abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda ake sayar da shanu masu tsada bashi ga mahauta, babu takarda babu kotu, sai tsayawar mai gida da sanin da yake da shi na wa ke biya wa ba ya biya. Wani kuma, Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewacin Najeriya kafin ya koma koyarwa a Oxford, ya buga ɗan littafi a 1974 kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki. Ya lissafo siffofi 10: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ku dubi jerin nan da kyau. Babu ɗaya da mutum zai iya ba kansa. Ba ka cewa "ni mai amana ne" a yarda, sai wanda ya ba ka ajiya ya faɗa. Ga bambancin ke nan. Gwajin waya yana tambayar ka kai wane ne. Namu yana tambayar waɗanda suka zauna da kai.

An ruwaito cewa wani ya zo yabon wani mutum gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun yi tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa shiga tsakaninsu. Da ya ce babu ko ɗaya, sai ya nuna masa cewa bai san mutumin ba. Maƙwabtaka, tafiya, kuɗi. Duk ɗan zango ya san waɗannan ukun sun fi tambaya 100.

Shekarar da takarda ta ƙone

Ni na ga an yi wa kasuwa guda gwajin hali a rana ɗaya. A watan Mayun 2003 gobara ta cinye Rood Woko, babbar kasuwar Wagadugu, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. A wannan shekarar ce kuma aka tashi Zangouettin, tsohuwar unguwar Hausawa inda aka haife ni, saboda aikin ZACA. Jama'a suka watsu, wasu Ouaga 2000, wasu Nioko, wasunmu muka nemi wuri a nan Gounghin da sauran unguwanni. Kaya sun ƙone, littattafan bashi da yawa sun ƙone, kuma maƙwabcin da ka saba gani kullum a masallaci yanzu ba ka san ƙofar gidansa ba. Duk mai son cin bashi ya samu hanya shimfiɗaɗɗiya.

Mutum biyu ba zan manta da su ba. Ɗaya tela ne, shiru-shiru, idan ya ce maka "ina kwana" ya gama zancen ranar. Ɗayan dillali ne mai surutu kamar rediyo, ba ya zama wuri ɗaya, ba ya riƙe takarda, kai ka ce ba zai iya tuna abin da ya ci jiya ba. Da za a auna su a waya, gabas da yamma za su fito. Su biyun kowa ya yi ta tambaya har ya gano inda na koma. Telan ya zo da kuɗin a ƙulle cikin leda, ya ajiye, ya ce, "Na bandir uku ne," ya tafi. Dillalin ya zo ya cika gidan da hayaniya, ya ci tuwo, ya tsokani yara, sannan ya zaro rabi ya ce sauran bayan salla, kuma bayan salla ya kawo. Akwai kuma wani mai tsari da tsabta, mai magana a natse, wanda kowa ke yi wa kallon dattijo. Har yau idan ya hango ni sai ya sauya hanya.

Daga nan na riƙe cewa abu biyu ne muke haɗawa da suna ɗaya. Akwai ɗabi'ar da aka halicci mutum da ita: wani mai magana ne wani shiru, wani mai sauri wani mai nawa. Wannan ita ce gwajin ke ɗan hangowa, kuma ita ce ake nufi da hali zanen dutse. Akwai kuma halin da ake ginawa da tarbiyya da tsoron Allah da maimaici: biyan bashi, riƙon amana, tashi aiki ko ba a so. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a Ihya'u cewa hali yana karɓar gyara, in ba haka ba wa'azi da horo ba su da amfani. Ya kuma kawo hanyoyi huɗu na sanin aibin kai: malami mai basira, aboki mai gaskiya, abin da maƙiya ke faɗa a kanka, da lura da abin da kake ƙi a wurin wasu. Uku daga ciki bakin wasu ne. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Yadda muka yi da yaron

Na zaunar da shi na ce ya karanto mini nasa. Ya fito mai son jama'a, mai hange, mai gundura da maimaita abu ɗaya. Na ce, "Wannan ai ba sai waya ta faɗa ba, tun kana rarrafe mahaifiyarka ta sani." Ya ce, "To Baba, ka ga ke nan kanti ba nawa ba ne." Na ce masa ni kuma wayar ta ce ba na son jama'a, ga shi da surutu na ciyar da ku na biya muku lakwal. Da na bi haruffana, da yanzu ina wani ɗaki ni kaɗai, ku kuma kuna jin yunwa.

Amma ban watsar da maganarsa ba, don akwai gaskiya a ciki. Yaron da ke son motsi, idan ka ɗaure shi a kan benci daga safe zuwa dare, ko dai ya gudu ko ya lalace. Sai muka raba aiki. Shi ke hulɗa da masu saye ta WhatsApp, shi ke zagaya teloli, shi ya kawo shawarar mu ƙara Faso Dan Fani da koko dunda a kanti, kuma sun karɓu. Na tura shi Lome ta Sinkase, tafiyar kusan kilomita 1,000, da kuɗin da idan sun salwanta ba za su karya ni ba, na kuma kira mai masaukinmu na can na ce ya sa mini ido ba tare da yaron ya sani ba. Sharaɗi ɗaya na kafa wanda babu harafin da zai ɗage shi: kowane dare sai ya rufe littafi da hannunsa, sefa ɗaya ba ta kwana ba a san inda take ba. Yana yi yana ƙunƙuni. Ko zai zauna a kasuwa ko zai kama wata hanya, Allah ne masani, kuma ba zan tilasta shi ba. Abin da na ƙi shi ne ya bar gadon gidansu don wata na'ura ta maimaita masa abin da ya faɗa mata cikin minti 12.

Ga 'yan uwana iyaye, shawarata kada ku hana yara, kada kuma ku yi musu dariya. Ku ce a auna ku ku ma. Tambayoyin suna buɗe hirar da kunya ta daɗe da rufewa tsakanin uba da ɗa, wannan kaɗai riba ce. Idan sakamako ya fito, ku miƙa shi ga wanda ya san ku, matar da kuka shekara 25 tare ko abokin da kuka kwana a bakin iyaka, ku ce ya nuna inda aka dace da inda aka kauce. Ga yaranmu kuma, haruffan nan ku riƙe su kamar hasashen yanayi a rediyo, a saurara a ɗauki laima, amma ba a fasa shuka saboda shi. Wadda ke son sanin saurayi ta sa a tambayi maƙwabtansa da waɗanda ya taɓa ci wa bashi. Wanda ke son sanin kansa ya duba alkawuran da ya ɗauka bara, ya ƙirga nawa ya cika.

Allah ya kyautata halayenmu, ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a kasuwa. Na gaishe da 'yan zango na Kumasi, Lome, Kwatano, Abijan da duk inda wannan mujalla ke isa.